Gwangwanin Hajiya: yadda na koyar da ɗana tarihi a gida

Ɗan farina ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Tun yana shekara uku yake jera kuɗi. Duk canjin da na ajiye a kan keken ɗinki, kafin in waiwaya ya kwashe ya jera a bakin tabarma, ƙanana a hagu, manya a dama, kowanne fuskarsa sama. Idan wani ya taka layin, ko ƙanwarsa ta zare guda, to ranar babu zaman lafiya a gidanmu na Aboabo, a birnin Kumasi na ƙasar Gana: ihu, toshe kunne, buga kai da bango. Shekara biyar na yi ina yaƙi da wannan jeri. Na ɓoye canji a tukunya, na ƙulle a bakin zane, na yi faɗa, har duka na yi, Allah Ya yafe mini.

Yana shekara biyar likita ta ce mana otizim ne. Na ji a rediyo ana ce masa galahanga, amma kalmar ba ta kwanta mini ba, domin a bakin mutanenmu da raini take fita. Kafin mu je asibiti an riga an ce iska ce, an ce sammu ne, an ce bakin mutane ne. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi. Addu'a kam ba mu bari ba har gobe. Amma likitar nan ce mutum na farko da ya ce mini yaron ba taurin kai yake yi ba: ƙarar da ni nake ji kaɗan, shi a kunnensa kamar ana buga ƙarfe ne, kuma jerin nan da nake rushewa da shi yake kwantar da hankalinsa. Na ji maganar, amma sai da aka ɗau lokaci kafin ta shige ni.

Korona ce ta buɗe mini ido. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, ƙananan yara ba su koma ba sai Janairun 2021. A watannin nan goma yaro ya sake. Ya daina fitsarin kwance, ya fara haɗa kalma huɗu, biyar a magana ɗaya. Da aka koma, mako biyu bai cika ba sai ga cizo a bayan hannunsa, shi yake cizon kansa. Ƙararrawa, gangar fareti da safe, yara sama da hamsin a aji ɗaya suna maimaita karatu da ƙarfi, ga bulala a kan teburi. Gana tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2006, kuma a 2015 an fito da tsarin cewa a koyar da irin waɗannan yara tare da sauran. Ban ga laifin malamarsa ba, hannu biyu gare ta. Mun ƙara daurewa shekara guda, sannan a 2022, yana shekara takwas, na ce wa babansa ni dai na gaji da kai shi inda yake dawowa a karye.

Babansa bai amsa nan take ba. Abin da ya dame shi shi ne bakin dangi, da kuma tambayar da ni ma take hana ni barci: wace takarda yaron zai riƙe gobe? Muka yi shawara da mahaifiyar babansa, Hajiya, wadda muke zaune tare. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Ku gwada shekara ɗaya. In bai yi ba, makaranta ba ta gudu.” Na rubuta wa shugaban makarantar takarda, na karɓo sakamakon yaron na baya na adana. Na je shagon kwamfuta aka sauke mini manhajar firamare ta 2019 daga intanet, aka buga mini shafukan Turanci, lissafi da tarihi. A wannan manhaja ne aka dawo da tarihin Gana a matsayin darasi mai zaman kansa tun daga aji ɗaya. Na sayi littafi mai kauri na rubuta abin da muka yi kowace rana, da kwanan wata, domin in wani ya tambaya in sami abin nunawa.

Wata ukun farko asara ce. Na ɗauko makarantar da ya guda na kafa masa ita a tsakar ɗaki: teburi, allo, awa bakwai, har da rigar makaranta. Na kuma mai da kuɗinsa abin ciniki, in ce sai ka gama lissafi za ka taɓa su. Sai ya daina yarda da ni. In ya hango littafi a hannuna, ƙarƙashin gado yake shiga.

Wata ranar Laraba Hajiya tana neman wata tsohuwar takarda a adakarta, sai ta fito da wani gwangwanin alawa da tsatsa ta ci murfinsa. Ta buɗe da ƙyar, abin ciki ya zube a tabarma: wuri (ƙananan ƙwansunan teku da ake kashewa a da), aninai, kwabbai, sulalla, da tsoffin sidi, kuɗin Gana, da aka daina karɓa. Mahaifinta mai goro ne, kakanta kuma daga Kano ya zo da fatauci. Yaron ya fito daga ƙarƙashin gado ba wanda ya kira shi. Ya ɗauki kwabo guda mai huda a tsakiya, ya ɗaga shi saitin taga, ya leƙa ta hudar. Sai ya ce, “Kaka, wa ya huda shi?”

Ni da Hajiya muka dubi juna. Wannan ce tambaya ta farko da na taɓa ji ya yi wadda ba ta abinci ba ce, ba ta ruwa ba, ba ta “yaushe za mu tafi” ba. Hajiya ta ce, “Angona, haka Turawa suka ƙero shi, a zare muke zura su mu ɗaura a ƙugu.” Ya ce, “Su wa?” Ta ce Turawan Ingila. Ya ce, “Ina suke?” Har la'asar yana riƙe da kwabon.

Daren nan da suka yi barci na ɗauki kwabon na goge shi da toka. A gefe ɗaya tauraro mai tsini shida da shekara, 1936. A ɗayan gefen kambi, da sunan sarki Edward na takwas, da rubutun Larabci a ƙasan hudar. Na bi waya ina bincike har batir ya mutu. Ashe sarkin nan bai cika shekara a kan gado ba: ya hau a Janairun 1936, ya sauka a Disamba. Ashe kuma kwabo ɗaya ne ake kashewa a nan, da Najeriya, da Saliyo, da Gambiya, ƙarƙashin hukumar kuɗi guda da Turawa suka kafa a 1912. Da safe ban ɗauko littafi ba. Na zauna kusa da layinsa na ce, “Wannan sarkin wata goma sha ɗaya kawai ya yi.” Bai dube ni ba, amma ya ce, “Sauran fa?”

Daga nan muka fara, kuma ga yadda tsarin ya zauna bayan gwaji da gyara. Muna farawa da ƙarfe takwas, bayan koko da ƙosai, kafin unguwa ta cika da ƙarar babura da injin niƙa. Na zana jadawali a bayan kwali da hotuna, domin shi in bai san abin da ke zuwa ba hankalinsa ba ya kwanciya. Zama ɗaya minti ashirin ne, sai hutu, sai wani. Sau huɗu, mun tashi kafin sha ɗaya. Na cire sharaɗi gaba ɗaya: gwangwanin nasa ne, ko ya yi karatu ko bai yi ba.

Na ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa ƙusar ƙofa. Kowane kuɗi muna sa shi a ƙaramar leda, mu maƙale da abin shanya, da kati mai ɗauke da shekara. A nan muka yi gumurzu na farko, domin shi dokarsa ita ce ƙarami kafin babba, ni kuma ina so tsoho ya zo kafin sabo. Kwana huɗu yana sauke su yana mayarwa bisa girma. A na biyar na bar masa layinsa a ƙasa yadda yake so, na ce igiya kuma ta shekaru ce, kowa da gidansa. Ya yarda. Wanda bai zauna da irin yaran nan ba zai ga ƙaramin abu ne. A wurina ranar ce ya karɓi cewa abu ɗaya yana iya samun tsari biyu.

Fensir ya tsana, riƙonsa yana masa ciwo a yatsu. Amma in ya ɗora takarda a kan kwabo ya goga fensir a kwance har hoton ya fito, zai yi ashirin bai gaji ba. Hoto kuma yana buƙatar suna a ƙasa, in ba haka ba za su cakuɗe, shi kuwa ba ya jure cakuɗa. Ta nan rubutu ya shigo. Turancin farko da ya karanta da kansa taken ƙasa ne da ke jikin tambarin Gana, wanda ma'anarsa 'yanci da adalci. Lissafi kuwa Hajiya ce malama: anini goma kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Yaron da ya ƙi jadawalin ninki a makaranta, sai ga shi yana gaya mini kwabo ɗari biyu da arba'in ne a fam. Rubutun Larabcin da ke jikin kwabon ma shi ya sa ya yarda ya zauna gaban malam da allo, rabin awa ranar Asabar da Lahadi, bayan sauran yara sun tashi.

Wuri ne ya kai mu nesa. Na gaya masa daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya aka fi kawo shi, ya nemi tsibiran a taswira har ya samu. Na gaya masa kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce, kuma sidi ma daga sunan wuri yake a Tonanci, yaren Tonawa, wato mutanen Asante. Ya ruga ya ɗauko tsohuwar sidi ɗari biyu ta ƙarfe daga igiya, ya nuna mini hoton wuri a jikinta. Ni na kashe wannan kuɗi shekaru ban taɓa lura ba.

Muka zana hanyar fatake da gawayi a simintin tsakar gida, daga Kano zuwa Gwanja. Hajiya ta zauna a kujera tana ba da labarin da ta ji a bakin mahaifinta: madugu shi ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, jakuna ɗauke da kanwa, fatu da tufafi, tafiyar watanni kafin a isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja. A can ake haɗuwa da goron da ya fito daga dajin Tonawa. Ta sa aka sayo goro da ganyen fita, ta nuna masa yadda ake shimfiɗa ganyen a ɗaure huhu, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Ya ƙirga ƙwarya ɗaya, goro ɗari cif, sau uku don ya tabbatar. Na ƙara masa da abin da na karanta: yaƙin basasa na 1892 ya watse kasuwar Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa wasu garuruwa, bayan Turawa sun kama Kumasi kuma zango ya yi ta cika. Kalmar zango kanta masaukin ayari ce. Ya ce, “To mu a masauki muke?” Hajiya ta ce, “Masaukin da ya zama gida.”

Wata rana ya tambaya me ake saya da wuri a Salaga. Na lissafa goro, gishiri, shanu. Na tsaya. Hajiya ta ce, “Da mutane.” Na so in kawar da zancen, amma shi ba a yi masa kwana, in ka ɓoye masa abu ya gano daga baya, ya daina yarda da sauran abin da ka faɗa. Na ce masa gaskiya ne, an sayar da bayi a kasuwar, manya da yara, kuma cikin masu saye da sayarwa har da mutanenmu. Ya yi shiru yana kaɗa jiki gaba da baya. Can ya ce, “An mayar da su?” Na ce yawancinsu ba su koma gida ba. Ya tashi ya sauke wurin daga igiya, ya zuba a kwalin ashana ya rufe. Kwana tara wurin yana cikin kwali. A na goma ya mayar da shi da kansa, ya miƙo mini kati ya ce in rubuta: goro, gishiri, mutane. Katin yana nan a farkon igiyar har yau.

Zamanin 'yancin kai ya zo da sauƙi, domin kuɗin da kansu suke ba da labari. Sulen 1958 da hoton Nkrumah, shugaban Gana na farko. Sidi na farko a watan Yulin 1965, shi ma da hotonsa. Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966, sai sabon sidi a 1967 babu hotonsa. Yaron ya jera ukun ya gane da idonsa cewa an cire mutum. Mutum shidan da ke jikin takardun kuɗinmu na yanzu, jagororin neman 'yanci, suka kai mu ga harbin tsoffin sojoji a Accra ranar 28 ga Fabrairun 1948 da kamen da ya biyo baya. Hajiya ta ba shi labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, yayanta ya tafi Najeriya bai dawo ba. Kobon Najeriya da ke gwangwanin shi ya aiko da shi cikin saƙo. Ta ba shi na 1982 da aka janye takardar sidi hamsin, mata 'yan kasuwa suka yi kuka. Canjin 2007 kuwa, da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, ni na ba da shi, kuma ya zama darasin raba lamba na mako biyu.

Fita waje ita ce mai wuya. Zuwanmu na farko gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Tonawa, ni na ɓata shi: na ɗauke shi da rana tsaka, muka tarar da motar 'yan makaranta, ga kuma gumakan sarakuna masu girman mutum a zaune, bai san da su ba. Ko minti biyar ba mu yi ba. Na biyu sai da na yi mako biyu ina shiri. Na nuna masa hotunan wurin a waya, na gaya masa gumakan ba sa motsi, na zana masa tafiyar daki-daki, na sa masa abin toshe kunne, muka ɗauki tasi muka isa ana buɗewa. Ya san labarin gidan kafin ya shiga: an kama sarkin Tonawa Prempeh na ɗaya a 1896, an kai shi har tsibirin Seshel, ya dawo a 1924, aka gina masa gidan a 1925. A 2024 aka kawo kayan zinariya daga gidajen tarihi na Landan, cikinsu har da waɗanda sojojin Ingila suka kwasa a yaƙin 1874, rundunar da akwai sojojin Hausawa a cikinta. Da ya ji cewa aro aka ba da su, ya tsaya cak. “Mma, in nasu ne, me ya sa aka ba su aro?” Mun yi wata guda muna komawa kan wannan tambaya.

A hanyar dawowa na saya masa ɗan ma'aunin tagulla a wurin masu sana'ar hannu, irin wanda Tonawa suke auna garin zinariya da shi a da, mai siffar kifi. Muka yi sikeli da murafen gwangwanin madara da zare, gero ya zama zinariyarmu.

Kada wata uwa ta karanta wannan ta ɗauka komai ya daidaita. Yanzu yana shekara goma sha ɗaya, kuma otizim yana nan. Akwai ranakun da ba ma buɗe komai, sai dai in rufe labule in zauna kusa da shi. Ɗinkina ya ragu da kusan rabi, da dare nake yi, in an ɗauke wuta kuma sai haƙuri. Muna kai shi wurin mai koyar da magana sau ɗaya a wata, kuɗin ba kaɗan ba ne. Kimiyya tana baya, rubutun insha'i yana baya sosai. Abokai su ne babbar damuwata. Abin da na iya shi ne ranar Asabar yaran maƙwabta biyu suna zuwa a yi wasan kasuwa, shi ne mai ba da canji, kuma a nan ya koyi jiran layi da cewa “na gode”. Jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, muna shirin ya zauna ta a matsayin mai zaman kansa idan lokaci ya yi. Shekara ɗayan da Hajiya ta yanka ta zama uku, babu wanda ya sake ta da zancen.

Yayan babansa, wanda yake ɗauko albasa daga Nijar, shi ya fi kowa cewa na lalata yaro da zaman ɗaka. Da Sallar da ta wuce ya zo gaisuwa, ya ba shi barka da Sallah, yaron ya kama hannun rigarsa ya ja shi gaban igiya. Ya fara daga wuri. Bai dubi fuskarsa ko sau ɗaya ba, bai tsallake kati ko ɗaya ba, har ya kawo kan fesuwa ɗaya mai hoton gadar Adomi. Mutumin yana tsaye da hula a hannu, shayinsa ya huce.

Makon jiya ya dawo daga tafiya, ya yi sallama, ya ce, “Ina malamin?” Ya zaro tsabar sefa daga aljihu ya zuba masa a tafin hannu. Yaron ya juya ɗaya, ya ƙura mata ido, ya shiga ɗaki da gudu ya fito da kifinsa na tagulla ya ajiye a gefenta. Alamar da ke jikin sefar ma'aunin zinariya ne mai siffar kifi, na mutanen Akan, dangin Tonawa. Ya ce, “Baba, wa ya kai musu?” Yayan baban ya dube ni. Na ce a ba ni zuwa Litinin. Na riga na gano cewa a 1945 Faransa ta kafa sefa, kuma yaron ya yanka kati ya rubuta shekarar, ya buɗe mata wuri a igiya tsakanin kwabon sarki Edward da sulen Nkrumah.